Bitar direban mararraba a ƙwayar Linux

Tun da a Hausa za mu yi zancen, ya kamata mu fara daidaitawa kan kalmomi huɗu. Ƙwaya ita ce sashen manhajar kwamfuta da ke tsaye tsakanin ƙarfe da sauran manhajoji, kuma wadda nake nufi a nan ita ce ta Linux, wadda Linus Torvalds ya soma a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Direba shi ne rubutun da ke koya wa ƙwaya yadda za ta sarrafa wata na'ura takamaimai. Mararraba kuwa ita ce ƴar na'urar nan mai kafofi biyar ko takwas da ake cusa wa wayoyin sadarwa, ta karɓi saƙo ta wannan kafa ta fitar da shi ta waccan. Gyaran da wani ya gabatar don a haɗa cikin ƙwaya kuma na zaɓi in kira shi faci, kalmar da muka daɗe da arowa muka bar wa masu gyaran taya. Ta dace da shi, domin shi ma ba a sanin ingancinsa sai an aza masa nauyi.

Na daɗe ina karanta irin wannan faci, wani lokaci don kaina, wani lokaci tare da ɗalibaina, kuma abin da ya zauna mini a rai shi ne cewa marubuci da mai bita ba hanya ɗaya suke bi ba. Marubucin direba yana da na'urar a gabansa. Ya kunna ta, fitilu sun kama, saƙo ya wuce, ransa ya yi fari. Mai bita sau da yawa bai taɓa riƙe na'urar da hannunsa ba, rubutun kawai yake da shi. Saboda haka rabonsa shi ne bin lungunan da gwajin marubuci bai shiga ba.

Direbobin mararraba da yawa a Linux suna zaune ne a ƙarƙashin wani tsari da ake kira DSA, wanda Lennert Buytenhek ya shigar a 2008 domin na'urorin kamfanin Marvell. Dabararsa mai sauƙin fahimta ce. Ana haɗa kafa ɗaya ta mararraba da ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma duk saƙon da zai bi ta wannan kafa sai a liƙa masa ƴar alama, baiti 4 ko 8 a na'urorin Marvell, mai nuna kafar da ya fito ko wadda za shi. Da haka ƙwaya take ganin kowace kafa tamkar katin sadarwa mai zaman kansa. Manhajar OpenWrt, wadda ake ɗora wa ƙananan akwatunan intanet na gida da ofis, ta soma komawa kan wannan tsari a fitowarta ta 21.02.

Tambayata ta farko ga kowane sabon direba ita ce: a wane hali yake barin kafofi da zarar ya tashi? Ƙa'idar DSA ita ce kowace kafa ta zauna a keɓe, ba ta magana da kowa sai ƙwaƙwalwa, har sai mai kula da na'ura ya haɗa su da kansa. To amma mararraba da dama suna farkawa ne da kafofinsu duka a buɗe ga juna, kuma direban da bai rufe su ba zai ci kowane gwaji na yau da kullum, don kuwa saƙo yana wucewa. Inda ɓarnar take shi ne, a akwatunan intanet masu araha, kafar da ke fuskantar waje da kafofin cikin gida sukan kasance a kan guntun ƙarfe guda. Idan aka bar su a haɗe, katangar da ke tsakanin ofis da duniya ta faɗi ke nan ba tare da an ji ƙara ba. Irin waɗannan akwatuna ne a ofisoshinmu da ɗakunan karatunmu daga Yamai har Damagaram, shi ya sa ba na ɗaukar wannan layi na rubutu a matsayin zancen masu nisa.

Tambaya ta biyu ta shafi jira. Ana yawan yi wa mararraba magana ta wata siririyar hanya mai waya biyu da ake kira MDIO, wadda a asalin ƙa'idarta bugunta bai wuce miliyan 2.5 a daƙiƙa ba. A ma'aunin kwamfuta wannan tafiyar hawainiya ce, don haka duk mai son bin hanyar sai ya kama makulli ya jira, wato ya yi abin da masu ƙwaya ke kira barci. Akwai kuma wuraren da aka haramta barci a cikin ƙwaya, ɗaya daga cikinsu shi ne inda ake tambayar direba ƙididdigar saƙonnin da suka wuce. Marubucin da ya miƙa hannu ya karanto ƙididdigar kai tsaye daga ƙarfe a wannan wuri zai ga lambobi daidai a teburinsa, sai wata rana na'urar wani ta sandare. Abin da mai bita zai nema shi ne a riƙa ɗebo ƙididdigar lokaci-lokaci a ajiye, idan an tambaya a ba da ta ajiya.

Tambaya ta uku ita ce wadda ɗalibai suka fi ƙosawa da ita: idan mataki na huɗu ya gaza, wa zai warware na ɗaya zuwa na uku? Direba yakan nemi wurin ajiya, ya kama layin katsewa, ya yi rajistar kafofi, ɗaya bayan ɗaya. A harshen C babu mai share maka baya, dole marubuci ya saki duk abin da ya kama, daga na ƙarshe zuwa na farko. Nakan sa ɗalibi ya ɗauki alƙalami ya bi kowace mafita ta aikin, yana lissafa abin da ke hannun direba a daidai wurin. A nan aka fi samun makullin da aka kama ba a saki ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Masu kula da sashen sadarwa na ƙwaya suna da ƙa'idojin da sabon shiga kan ɗauka tsirfa ce: kada jerin faci ya wuce 15 a tashi ɗaya, kada a sake gabatar da shi kafin awa 24, kowane faci ya yi abu guda ya kuma faɗi dalilinsa. Ni dai na fahimce su a matsayin tattalin idon mai bita, wanda shi ne abin da ya fi ƙaranci a wannan aiki. Masu rubutu sun fi masu karantawa yawa, kuma facin da ya cakuɗa gyara uku yana ɓoye na ukun ne a bayan biyun farko.

Idan mai bita ya gamsu, yakan ba da layi guda mai ɗauke da sunansa, a liƙa a ƙasan facin, ya shiga tarihin ƙwaya ya zauna. Wannan shaida ce, kuma takardun ƙwaya sun fayyace iyakarta: ya duba da idon basira, an amsa damuwarsa, yana ganin gyaran ya cancanta, amma bai yi lamunin cewa babu aibi ba. Nauyin wannan amana ya fito fili a 2021, lokacin da aka gane cewa wasu masu bincike na Jami'ar Minnesota ta Amurka sun gabatar da faci masu ɓoyayyen aibi don su gwada masu bita. Greg Kroah-Hartman ya dakatar da karɓar gyara daga jami'ar, aka kuma koma aka sake tantance gyare-gyaren da suka taɓa fitowa daga can. Lokacin da aka kashe a wannan tantancewa na mutanen da dama aiki ya yi musu yawa ne.

Ga mai son gwadawa, babban fayil ɗin drivers/net/dsa a buɗe yake ga kowa, ba a biyan ko dala. Shawarata ita ce ya zaɓi ƙaramin direba guda, ya nemo aikin da ke shirya mararraba a farkon tashi, ya rubuta amsar tambayoyin nan uku a takarda da Hausa, cikin cikakkun jimloli. Na lura cewa inda ɗalibi ya kasa gina jimlar, a nan ne bai fahimci rubutun ba, kuma nan ya kamata ya koma ya sake karantawa.