Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Tanadin Kuɗi Kafin Hutun Haihuwa

A wannan makon ba zancen ƙwaya ko allura na kawo miki ba, zancen aljihu ne. Kada ki ce ina ruwan mai harhaɗa magunguna da lissafin albashi. Shekarun da na shafe a bayan tagar ɗakin magani na asibiti sun koya mini cewa ba ƙwarewar likita kaɗai ke tayar da mai jego ba. Abin da ya rage a jakarta ma yana da ta cewa. Sau da yawa akan miƙo mini takarda mai ɗauke da magani huɗu, kuɗin da ke hannu kuwa na biyu ne, sai a sassauta murya a ce: “Malama, wanne ne ya fi muhimmanci a ciki?” Abin da akan bari kuwa sananne ne: maganin ƙarin jini, ko na hawan jini, ko cikon maganin da zai kare ɗinkin tiyata daga ƙwayoyin cuta. Da yawa daga cikin matan nan ma'aikata ne ko masu sana'a. Haihuwa ce ta tsayar musu da kuɗin shiga a daidai lokacin da kuɗin fita ya ninka.

Ki bi Titin Ibrahim Taiwo da hantsi, daga bakin Kantin Kwari zuwa inda Fagge ta haɗa kafaɗa da Sabon Gari, ki ƙirga matan da ke neman na kansu: mai jiran shago, mai POS, ma'aikaciyar banki, malamar makaranta mai zaman kanta, ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin kuɗi. Ki ƙara da waɗanda ido ba ya gani a lungunan Fagge, masu ɗinki, da masu saro atamfa a Kwari su sayar ta waya, da masu dafa abincin da 'yan kasuwa ke ci da rana. Kowacce tana da ranar da za ta ajiye aiki ta rungumi jariri, amma ba kowacce ce za ta ga kuɗinta cikakke a ƙarshen wannan watan ba.

Fara sanin haƙƙinki

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba mace mai aiki hutun makonni 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta. Idan ta kai wata shida tana aiki a wurin, dole ne a biya ta abin da bai gaza rabin albashinta ba a tsawon hutun. Bayan ta koma aiki kuma tana da rabin sa'a sau biyu a rana domin shayarwa. Ki riƙe wannan kalmar da kyau: rabi. Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya sun fi samun sauƙi, domin hutunsu ba ya gaza makonni 16 da cikakken albashi, kuma a 2021 aka amince wa maza ma'aikata kwana 14. Jihar Legas ta mayar da hutun ma'aikatanta mata wata shida a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. Ma'aunin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta kafa a shekarar 2000 shi ne aƙalla makonni 14 da kashi biyu cikin uku na albashi.

Sai dai wannan doka tamu ba kowane ma'aikaci ta ƙunsa ba. Masu aikin gudanarwa da ƙwararru, takardar ɗaukarsu aiki ce ke yanke musu hukunci. Don haka ki zaro takardarki ki karanta, sannan ki je ofishin kula da ma'aikata ki yi tambaya huɗu: makonni nawa zan samu, nawa za a biya ni, wane alawus ne zai tsaya, kuma hutun shekara yana cikin lissafin ko yana gefe? Ki nemi amsar a rubuce.

A haihuwata ta fari ina aiki ne a wani asibiti mai zaman kansa. Cikin yana wata biyu wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ni, ta ajiye takarda da biro a gabana ta ce, “'Yata, rubuta duk abin da ke shigo miki a wata.” Muka tarar albashi zai koma rabi, alawus ɗin aikin dare zai tsaya tunda ba zan yi aikin ba, aikin yamma da nake yi a wani kantin magani shi ma zai tsaya. Da muka tattara, abin da zai riƙa shigowa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da na saba gani ba. Lissafin bai yi mini daɗi ba, amma ya same ni da sauran watanni a gaba, kuma waɗannan watanni su ne jarina.

Lissafin giɓi

Mu ɗauki misali. A ce albashinki Naira 150,000 ne, za a biya ki rabi na wata uku. Giɓin ya zama 75,000 sau uku, wato Naira 225,000. Idan kin fara ajiya ciki yana wata biyu, kina da kimanin wata shida kafin hutu, kowane wata 37,500, rubu'in albashinki ke nan. Da nauyi, amma ana iya ɗauka. Idan kika bari sai ciki ya kai wata shida, wata biyu kacal ya rage, kowane wata 112,500, kashi uku cikin huɗu na albashin. Kuɗin bai sauya ba, lokaci ne ya tsere. Mai sana'ar hannu kuwa ba rabi za ta rubuta ba. Ta duba ribar da take samu a wata, ta ninka da watannin da take ganin za ta zauna, ta ƙara wata guda a kai, domin jiki ba ya bin jadawali.

Daga nan ki raba tanadinki gida uku, kuma jerin yana da muhimmanci. Na farko kuɗin lafiya da gaggawa. Na biyu kuɗin cike giɓi, wato cefane, haya, wuta, makarantar manyan yara. Na uku kuɗin suna da hidimarsa. A gidaje da yawa daga na uku ake farawa, abin da ya rage shi ake kawo mini taga.

Asusun da ba a taɓawa

Me ke cikin asusun lafiya? Awo, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016 a yi aƙalla sau takwas, gwaje-gwajen jini da fitsari da hoton ciki, maganin ƙarin jini da folik asid, kayan haihuwa, man shafa cibiya na kuloheksidin, kuɗin mota. Sai kuma abin da ba a fata: tiyata, ƙarin jini, kwantar da jariri saboda shawara ko zuwa kafin lokaci. Akwai wata buƙata da ke yawan yi wa iyalai ba-zata. Mace mai rukunin jini nagatif, idan jaririnta fozitif ne, tana buƙatar allurar Anti-D cikin sa'o'i 72 bayan haihuwa domin kare cikin da za ta ɗauka nan gaba. Allura ce mai tsada, kuma ba ta jiran ƙarshen wata. Ki san rukunin jininki tun awon farko, ki tambayi farashin allurar, ki ware kuɗinta.

Akwai hanyoyin rage nauyin. Jihar Kano ta daɗe da shirin kula da masu juna biyu kyauta a asibitocinta, kuma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, wadda aka kafa da dokar 2016. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, sannan a Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa galihu. Rigakafin jarirai kyauta ne a asibitocin gwamnati. Amma ki sani, inshora ba ta fara aiki ranar da aka yi rajista, akwai lokacin jira. Ki tambayi asibitin da kike awo tun yanzu: me ke cikin kyauta, me zan biya da kaina? Ko da komai kyauta ne, asusun gaggawa ya zauna da cikinsa.

Wata shawara daga bakin aikina: ki tara kuɗin magani, kada ki tara maganin. Tun daga 2023, da darajar Naira ta faɗi kuma kamfanin GSK ya sanar da rufe harkokinsa na kai-tsaye a ƙasar nan, farashin magunguna ya yi tsalle, har wasu ke ganin dabara ce su saya su jibge. Zafin Kano yana lalata magani a ɗaki, allurar oksitosin kuwa sanyin firji take buƙata kuma ba ta da wurin zama a gida. Araha a hannun mai talla ba ta ado. A 2024 hukumomi suka tilasta wa dilolin magani na Sabon Gari komawa cibiyar sari ta Dangwauro a kan hanyar Zariya domin a iya sa ido a kan inganci. Ke ma ki sa naki idon: kantin da ke da rajista, lambar NAFDAC, ranar ƙarewar aiki.

Ina za a ajiye kuɗin?

Adashi tsohuwar dabara ce, maƙwabtanmu Yarabawa na Sabon Gari ma suna da irinta, su ce ajo ko esusu. Ki roƙi uwar adashi ta sa ɗaukarki a watan bakwai na ciki. Sai dai akwai tarko: wadda ta ɗauka ba ta daina zubi. Idan zagayen bai ƙare ba kafin hutunki, kin ɗora wa rabin albashi cikakken zubi. Ki shiga wanda zai kammala kafin ki ajiye aiki, tare da mutanen da kika san gidajensu.

Kuɗin gaggawa kuwa ba a sa shi a adashi, ba a sayi akuya da shi, ba a zuba shi a jarin atamfa, domin naƙuda ba ta jira a sayar da kaya. Ki buɗe masa asusun banki daban, wanda ba kya yawo da katinsa. Mai gudun kuɗin ruwa tana da zaɓi, tunda bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012, wasu kuma sun biyo baya. Hukumar NDIC, daga 2024, tana lamunin ajiya har Naira miliyan biyar ga kowane mai ajiya a manyan bankuna. Ki kuma ɓoye wasu tsabar kuɗi a gida, daidai na mota da buɗe kati da maganin farko. Wanda ya ga ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ba ya buƙatar a tuna masa yadda tura kuɗi ta waya ke maƙalewa a daren da aka fi buƙata. Manhajojin ba da rance na waya kuwa, ki yi nesa da su; kuɗin ruwansu ya fi ƙarfin mai rabin albashi.

Asusun cike giɓi shi ne za ki iya mayar da wani sashensa kaya. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a ƙididdigar hukuma, ma'ana kuɗin da ke kwance yana ramewa. Sabulu, man girki, taliya da sukari daga Kasuwar Singa, gero da wake lokacin kaka, duk ajiya ce da ba a cire mata komai.

Suna, barka da nono

Ba na cewa a fasa murna. Amma anko, da kaya kala biyar na fitar suna, da hayar rumfa da kujeru, babu ko ɗaya da ke ƙara wa mai jego jini. Kuɗin barka kuma kada ki sa shi a lissafi. Wanda ya zo alheri ne, kuma yawancinsa biki ne da za ki rama wata rana. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Babban abin da tanadin nan ke saya miki shi ne lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shayar da jariri nonon uwa zalla na wata shida, ko ruwa ba a haɗawa. Uwar da rashin kuɗi ya kora bakin aiki a mako na huɗu ita ce ke komawa ga madarar gwangwani, idan ta yi tsada a tsinka ta da ruwa, daga nan sai gudawa da rama da gadon asibiti. Kowane mako da kika iya sayen zamansa a gida magani ne. Kafin ki koma aiki, ki nemi ma'aikatan jinya su koya miki tatsar nono da adana shi. Ke kuma mai sana'a, ki horar da wadda za ta riƙe miki tun yanzu, ki karɓo basussukanki kafin wata na takwas, kuma duk rintsi kada ki ci uwar kuɗi, domin ita ce za ta tayar da ke bayan arba'in.

Maigida, wannan kalma taka ce. Ciyarwa da lafiyar iyali a wuyanka suke, abin da uwargida ta tara taimako ne da kyautatawa. Amma idan gidanku da hannu biyu yake tafiya, ka sani hannu ɗaya zai huta na watanni. Ku zauna a daren yau da takarda da biro, ku rubuta abin da ke shigowa, da abin da zai tsaya, da watannin da suka rage, ku fara da asusun lafiya ko da Naira dubu biyar ce. Ka kuma san rukunin jininka, ka nemi mutum biyu cikin dangi da za su iya ba da jini idan an buƙata.

Allah Ya raba lafiya, Ya raya abin da za a haifa, Ya hore mana abin yi musu hidima.