Yusuf Khan, Wanda Duniya Ta Sani da Dilip Kumar

Sunan da aka raɗa masa shi ne Muhammad Yusuf Khan. An haife shi ranar 11 ga Disamba, 1922, a birnin Peshawar, wanda a yau yake cikin ƙasar Pakistan, a wata unguwa da ke jikin kasuwar Qissa Khwani, wato kasuwar masu ba da labari. An kira ta haka ne saboda a nan fatake kan yada zango, su kwana suna sauraron masu tatsuniya da hikaya. Mahaifinsa, Lala Ghulam Sarwar Khan, attajirin 'ya'yan itace ne mai gonakin lambu, kuma Yusuf ɗaya ne daga cikin 'ya'yansa goma sha biyu. Harshen gidansu Hindko ne. Daga baya ya ƙware a Urdanci da Hindi da Ingilishi, yana kuma jin Fashtanci da Fanjabi. Wannan tarin harsuna shi ne jarin da ya shiga sana'a da shi, domin bai taɓa zama ajin koyon wasan kwaikwayo ba ko na rana ɗaya.

A cikin shekarun 1930 iyalin suka ƙaura zuwa Bombay, wadda ake kira Mumbai a yanzu, shi kuwa ya yi wani ɓangare na karatunsa a garin Deolali. Wajen 1940 suka sami saɓani da mahaifinsa, ya bar gida ya tafi Pune, inda ya buɗe ɗan teburin sayar da abinci a kulob ɗin sojojin Ingila. Bayan ya komo Bombay ne aka haɗa shi da Devika Rani, shugabar kamfanin Bombay Talkies, wadda ta tambaye shi ko yana jin Urdanci sosai, sannan ta ɗauke shi aiki a kan rufi 1,250 a wata. Ita ce ta ba da shawarar ya sake suna. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa tsoron mahaifinsa ne ya sa ya amince, domin dattijon yana ganin wasan fim aikin marasa mutunci ne. Ya ɓoye masa sana'ar har sai da kakan Raj Kapoor, wanda abokin mahaifin ne tun daga Peshawar, ya nuna masa hoton ɗansa a allon tallar fim ɗin Jugnu na 1947, da wani suna a rubuce a ƙasa.

Ba shi kaɗai ya yi irin wannan sauyin ba. Madhubala sunanta Mumtaz Jehan, Meena Kumari kuwa Mahjabeen Bano ce. Akan ce Musulmi sun ɓoye sunayensu ne saboda rabuwar Indiya da Pakistan a 1947, amma wannan bayani bai hau kan Yusuf ba, domin shi ya riga ya fito da sabon sunansa tun a fim ɗinsa na farko, Jwar Bhata, a 1944. Fim ɗin bai yi kasuwa ba, har mujallar Filmindia ta yi masa ba'a, ta ce ramamme ne mai bukatar jiyya kafin ya sake fitowa. Shekara biyar bayan haka, da Andaz ya fito a 1949, inda suka haɗu da Raj Kapoor da Nargis, babu mai sake yi masa irin wannan magana.

Abin da ya bambanta shi da waɗanda suka gabace shi yana cikin yadda yake magana. 'Yan wasan fim na farko a Indiya yawancinsu daga dandamali suka fito, inda dole mutum ya ɗaga murya don na layin ƙarshe ya ji, ya kuma baza hannuwa don na nesa ya gani. Da suka shigo fim sai suka zo da wannan ɗabi'a, suna rera zance kamar masu shela. Yusuf, bisa shawarar Ashok Kumar da ya tarar a Bombay Talkies, ya gane cewa makirufo ya riga ya ɗauke wa ɗan wasa wahalar ihu, kyamara kuma ta kawo fuskarsa gaban mai kallo. Don haka ya saukar da murya. Yakan fara jimla, ya tsaya a tsakiyarta kamar mai neman kalma, ya kau da kai, sannan ya ƙarasa ta a hankali. Wani lokaci shirun da ke tsakanin kalma biyu ya fi kalmomin nauyi. Ɗalibin ilimin harshe ya san cewa ma'ana ba a ƙwayoyin kalma kaɗai take ba, akwai ta a hawa da saukar murya, da tsawon dakatawa, da wurin da aka ɗora nauyin zance. Wannan shi ne fagen da Dilip Kumar ya mallaka. Duk wanda zai tsaya gaban aji yana da abin dubawa a nan, domin malamin da ya iya dakatawa yakan kama hankalin yara fiye da wanda ya shaƙe don tsawa.

A Mughal-e-Azam na 1960, wanda K. Asif ya kwashe shekaru yana haɗawa, salon biyu sun yi gaba da gaba. Prithviraj Kapoor, gwarzon dandamali, ya fito a Sarki Akbar da murya kamar aradu. Dilip Kumar ya fito a Yarima Salim, ɗan da ya yi wa uba tawaye saboda baiwa Anarkali, yana mayar da martani da murya ƙasa-ƙasa cikin Urdanci mai cike da kalmomin Farisanci. Da ya biye wa uban ya yi ihu, da an rasa wanda za a saurara. Da ya yi sanyi sai ƙarfin sarkin ya zama kamar na wanda ke dukan ruwa.

Wannan salo bai zo masa a banza ba. Yakan shiga halin wanda yake kwaikwaya har ya kasa fita. Daga ƙarshen shekarun 1940 ya jera fina-finan baƙin ciki, irin su Mela da Deedar da Daag, har zuwa Devdas na Bimal Roy a 1955, labarin saurayin da ya rasa masoyiyarsa ya kashe kansa da giya sannu a hankali. Aka yi masa laƙabi da sarkin ban tausayi. Yana ɗan shekara talatin da 'yan kai ciwon damuwa ya kama shi, har ya je Landan ganin likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya ba shi shawarar ya riƙa karɓar wasannin raha. Daga nan aka sami Azaad a 1955 da Kohinoor a 1960, sai Ram Aur Shyam a 1967, inda ya fito a tagwaye, ɗaya matsoraci ɗaya shu'umi. Ko a wasan rahar bai sassauta wa kansa ba, domin saboda waƙa guda a Kohinoor ya shafe watanni yana koyon kaɗa sitar, don kada yatsunsa su ƙaryata sautin da ake ji.

Amma idan aikinsa ɗaya za a ɗauka a nazarta, Gunga Jumna na 1961 ya fi cancanta. Shi ya rubuta labarin, shi ya zuba kuɗinsa, kuma shi kaɗai ne fim ɗin da ya shirya a hukumance. Labarin 'yan'uwa biyu ne marayu. Gunga, babban, baƙauye ne da bai yi karatu ba, ya yi ta wahala don ƙanensa Jumna ya je birni makaranta. Mai gonar garin ya ƙulla wa Gunga sharrin sata, zalunci ya kora shi daji ya zama ɗan fashi, shi kuwa Jumna ya dawo a matsayin jami'in 'yan sanda, kuma a ƙarshe shi ya harbe yayansa. Ƙanen Dilip na jini, Nasir Khan, shi ya fito a Jumna. Hikimar fim ɗin tana cikin harshe. Gunga yana magana da karin harshen Awadhi na ƙauyukan Uttar Pradesh, Jumna kuwa da daidaitaccen Hindi na makaranta da ofis. Tun kafin bindiga ta shiga tsakaninsu, mai sauraro ya riga ya ji cewa boko ya raba su. Wanda ya biya kuɗin makarantar shi ne wanda harshen makarantar ya mayar bare. Wannan al'amari ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa ganin yaro ya dawo hutu yana gyara wa mahaifiyarsa lafazi, kuma ya kamata ya tsaya a ran mai shirin koyar da daidaitacciyar Hausa ga yaran da suka taso da Sakkwatanci ko Gudduranci.

Masu rarraba fina-finai sun ji tsoron cewa jama'ar birane ba za su karɓi jarumi mai maganar ƙauye ba. Hukumar tace fina-finai ma ta riƙe shi watanni tana neman a yanke wurare masu yawa, sai da maganar ta kai ga Firayim Minista Jawaharlal Nehru kafin a sake shi. Da ya fito ya zama cikin waɗanda suka fi kawo kuɗi a shekarun 1960. Amitabh Bachchan, wanda ɗan Allahabad ne, ya sha bayyana mamakin yadda mutumin Peshawar ya riƙe karin yankinsu ba tare da tuntuɓe ba. Fim ɗin Deewaar na 1975, wanda Hausawa masu kallo suka sani sarai, a kan wannan ginshiƙi na wa ɗan ta'adda da ƙane ɗan sanda aka gina shi.

A nan akwai abin lura game da masu kallo na ƙasar Hausa. Tun daga shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima suka fara kawo fina-finan Indiya Kano da sauran birane, kuma yawancin masu kallon ba sa jin Hindi. Duk da haka kunnensu bai tashi a banza ba, domin Urdanci da Hausa sun sha daga rijiya ɗaya ta Larabci. Bahaushe yana jin duniya ya gane, ya ji zamana ya tuna zamani, ya ji hukum da adalat ya hango hukunci da adalci. Abin da kalmomi suka gaza isarwa, fuska da sautin murya suka ƙarasa, kuma ɗan wasa irin Dilip Kumar, wanda rabin zancensa a ido yake, ya fi kowa sauƙin fahimta a irin wannan zama.

Rayuwarsa ta gida ba ta rasa tabo ba. Ya yi shekaru yana soyayya da Madhubala, amma da rigima ta tashi tsakanin mahaifinta da B. R. Chopra a kan fim ɗin Naya Daur na 1957, har aka je kotu, sai ya ba da shaida a ɓangaren Chopra. Daga nan suka rabu. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2014 ya ce lokacin da aka ɗauki fitaccen wurin nan na soyayya a Mughal-e-Azam, inda yake shafa fuskarta da gashin tsuntsu, ko gaisawa ba sa yi. Madhubala ta rasu a 1969 tana da shekara 36. Shi kuwa ya auri Saira Banu a 1966, yana da shekara 43 tana da 22, suka zauna har ƙarshen ransa ba su sami haihuwa ba. Ya ƙara aure a asirce a 1981, auren bai wuce shekara biyu ba.

Mutum ne mai zaɓe. A cikin fiye da shekara hamsin fina-finansa ba su kai saba'in ba, alhali wasu sa'o'insa sun haura ɗari. Ya ƙi tayin David Lean na fitowa a Sherif Ali cikin Lawrence of Arabia, matsayin da ya ɗaga Omar Sharif na Masar. Bayan hutun shekara biyar ya dawo a 1981 da Kranti, ya koma fitowa a dattijo, kuma Shakti na 1982, inda ya zama uban Amitabh Bachchan, shi ya ba shi kyautar Filmfare ta gwarzon jarumi karo na takwas. Shi ne kuma ya fara karɓar wannan kyauta a 1954. Fim ɗinsa na ƙarshe shi ne Qila, a 1998.

Sunan da ya ajiye yana saurayi bai taɓa barinsa ba. A 1998 Pakistan ta ba shi Nishan-e-Imtiaz, ɗaya daga cikin manyan lambobinta na farar hula. Da yaƙin Kargil ya ɓarke a 1999, jam'iyyar Shiv Sena ta Bal Thackeray ta matsa lallai ya mayar da lambar, ana tuhumar kishin ƙasar mutumin da Indiya ta riga ta ba Padma Bhushan a 1991 da kyautar Dadasaheb Phalke ta 1994. Ya je ya gana da Firayim Minista Atal Bihari Vajpayee, ya kuma riƙe lambarsa. Daga 2000 zuwa 2006 ya zauna a majalisar dattawan Indiya, a 2015 kuma aka ƙara masa Padma Vibhushan.

Ya rasu ranar 7 ga Yuli, 2021, a Mumbai, yana da shekara 98, aka binne shi a maƙabartar Musulmi ta Juhu tare da karramawar gwamnati. A Peshawar kuma mutane suka taru kusa da tsohon gidansu na Qissa Khwani, wanda gwamnatin Pakistan ta sanya cikin kayan tarihin ƙasa tun 2014, suka yi wa Yusuf Khan salatul ga'ib.