Zumunta A Ƙafa Ta Ke

Duk wanda ya taɓa kwana a Wuro Patuji, wata unguwa da ke gefen garin Mubi a Jihar Adamawa, ya san cewa da asuba kiran salla ke fara tayar da mutane daga barci, sa'an nan waƙoƙin masu addu'ar safe su biyo baya daga majami'u. In hantsi ya ɗan fito kuma sai ƙarar injunan niƙa ta cika unguwar. Wannan labari na ɗaya daga cikin injunan nan ne, da mai shi, da kuma littafin da ta ke karantawa kowace safiya kafin ta tayar da shi.

Mai injin wata dattijuwa ce wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Kowa a unguwar Mama Mai Inji ya ke ce mata, har ya zamana ƙalilan ne suka san sunanta na yanka. A ƙasar Margi aka haife ta, aure ne ya kawo ta Mubi. Ba ta shiga makarantar boko ba. A ajin baftisma ta koyi haɗa baƙi, har yanzu kuwa da yatsa ta ke bin layi, tana motsa leɓe. Ita 'yar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ce, wadda a ke kira EYN a taƙaice.

Ya kamata mai karatu ya san ɗan wani abu game da wannan ikilisiya, domin sai da shi labarin zai fito sosai. Waɗansu Amurkawa biyu ne, Stover Kulp da Albert Helser, suka kafa ta a Garkida, inda aka yi sujada ta farko a ƙarƙashin wata tsamiya ran 17 ga watan Maris 1923. Daga nan ta yaɗu cikin Bura da Margi da Kilba da Higi da Fali da Gude, har ta kafa hedkwatarta a Kwarhi, kusa da Mubi. Tun asali an san ta da ƙin ɗaukar makami da ƙin ramuwar gayya. To, da ya ke kowace ƙabila da nata harshe, in an taru a majami'a a gari irin Mubi babu abin da ke haɗa jama'a sai Hausa. Shi ya sa Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikakke a karo na farko cikin 1932 bisa ƙoƙarin Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa, aka kuma sake fassara shi cikin 1979, ya zama dukiyar mutane masu yawa waɗanda ba a Hausa suka sha nono ba.

Nata littafin mai baƙin bango ne, ya sha hannu har ya yi laushi. A cikinsa ta ke ajiye rasit ɗin injin da katin zumunta da hoton marigayi. Amma wanda ke son ya ga amfanin littafin, ba a akwati zai duba ba, sai a bakin inji. Kowa ya san halin waɗansu masu niƙa, waɗanda kan kashe inji tun gari bai gama zubowa ba, domin abin da ya maƙale ya zama nasu da yamma. Mama Mai Inji kuwa sai ta bubbuga bakin injin da tafin hannu har ƙurar ƙarshe ta faɗa cikin kwanon mai shi. In an tambaye ta dalili sai ta ce littafin Karin Magana ya nuna Allah ba ya son ma'aunin algus, ita kuwa ba ta ga bambanci tsakanin mudu da bakin inji ba. Matan Musulmi da na Kirista duk wurinta su ke aiko da yara.

Ran taron Zumuntar Mata sai ta rufe inji da wuri, ta ɗaura zanen ankonsu, ta tafi. A can a ke karatu, a haddace aya guda, a yi waƙa da kiɗan tulu, sa'an nan a lissafa wa ke asibiti, wa ta haihu, wa aka yi wa rasuwa, a raba waɗanda za su je gaisuwa. Shekara da shekaru haka rayuwarta ta ke, babu wani abin ba da labari.

Sai zamani ya juya. Daren 1 ga watan Oktoba 1960 murna aka yi a ƙasar nan, amma daren 1 ga watan Oktoba 2012 kuka aka yi a Wuro Patuji. 'Yan bindiga suka shiga gidajen da ɗalibai ke haya, galibinsu 'yan Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Mubi, suna kiran waɗansu da sunayensu, suna kashewa. 'Yan sanda sun ce mutum 25 suka mutu, mazauna unguwar kuwa suka ce adadin ya fi haka. Cikin mamatan akwai Kirista akwai Musulmi, akwai kuma yaran da suka saba kawo mata markaɗen wake. Bayan shekara biyu, ran 29 ga watan Oktoba 2014, 'yan Boko Haram suka kama garin Mubi ɗungum, suka mamaye hedkwatar EYN da ke Kwarhi, har shugabannin ikilisiyar suka koma Jos da zama na ɗan lokaci.

A ranar, Mama Mai Inji ta fita da zanen jikinta da jikoki biyu, ta bi ayarin masu gudu zuwa duwatsun da ke wajen iyakar Kamaru. Sai da suka yi nisa ta tuna ta bar littafin a kan akwati. Kwanaki suka yi a daji, suna cin ɗanyar gyaɗa daga gonakin da masu su suka gudu. A cikin matan da ta ke tare da su babu mai ɗauke da littafi ko ɗaya. Da dare ya yi, yara suna kuka, sai wata ta fara jawo Zabura ta 23 da ka, ta kai tsakiya ta kakare, wata ta karɓa ta ƙarasa. Wannan ta tuna da labarin Ayuba, waccan ta tuna da na Rut. Ayoyin da suka riƙa haddacewa mako-mako, wani lokaci ma da ƙyuya, su ne suka zama guzurinsu. Daga bisani ta zagaya ta isa Yola, ta zauna wurin dangi.

An ƙwato Mubi a tsakiyar watan Nuwamba 2014, amma ita sai da damina ta kusa ta koma. Ta tarar an ɓalle ƙofa, an kwashe kaya, littafin yana yashe a tsakar gida, gara ta cinye rabinsa. Wurin da injin ya ke kuwa sai ƙusoshi huɗu a cikin siminti. Maƙwabcinta, wani Bafillace dillalin shanu wanda ya riga ta dawowa, ya zo yi mata barka. Ya kawo mata awakinta biyu da ya tsinta ya riƙe mata. Ta ce, “Alhaji, injin fa?” Ya yi shiru, can ya ce, “Inna, ba 'yan daji suka ɗauka ba. Bakina ba zai kama sunan kowa ba, amma ke kin san muryar injinki.”

Ta kuwa san ta. Bayan kwana uku ta bi ƙarar har wani gida a can ƙarshen unguwa, ta leƙa ta ga tabon walda da marigayi ya sa aka yi a gindin mazubin hatsi. Gidan kuwa na wata 'yar'uwarta ne a Zumuntar Mata, wadda su ke zama benci ɗaya ran Lahadi.

A nan ne maganar ta yi nauyi. Ɗanta babba, wanda ya zo daga Yola domin ya gyara mata ƙofa, ya ce ba wata shawara sai a kai ƙara wurin masu tsaron gari. Kowa ya san yadda kwanakin nan su ke. Wanda duk aka samu da kayan mutanen da suka gudu, ba wuya a ce da shi ɗan koren 'yan daji ne, in kuwa aka tafi da mutum da wannan suna, Allah kaɗai ya san ranar dawowarsa. Ɗan ya san haka sarai. Ya ce, “Mama, ai rama cuta ga macuci ibada ne.” Ta ce, “Ɗana, wannan maganar Bahaushe ce, na kuwa ji ta. Amma ba ita aka koya mini a ajin baftisma ba.”

Abin da aka koya mata yana cikin Matiyu sura ta 18, wadda 'yan EYN ke riƙe da ita ƙwarai. Ma'anarta ita ce, in ɗan'uwa ya cuce ka, ka fara samunsa ku biyu kaɗai. In ya ƙi ji ka koma da mutum ɗaya ko biyu. Sai in wannan ma ta gagara za a kai maganar gaban ikilisiya. Ba a fara da kasuwa, ba a kuma fara da hukuma. Littafinta ya lalace, amma hanyar tana kanta.

Ta tafi ita kaɗai da almuru, lokacin da babu masu niƙa. Bayan gaisuwa ta ce, “'Yar'uwa, na zo ne a kan injin nan.” Matar ta ɗaure fuska ta ce mijinta ne ya saya a hannun wani baƙo. Mama Mai Inji ba ta ja maganar ba, ta yi sallama ta koma gida. Daren nan ba ta runtsa ba, ta kuma faɗa daga baya cewa sau biyu tana tashi za ta ce wa ɗanta ya je ya yi abin da ya ga dama. Bayan mako guda ta koma tare da dattijai mata biyu daga zumunta. Ba su yi faɗa ba, sai suka zauna a tabarma, aka yi addu'a, aka yi shiru. Can sai matar ta fashe da kuka. Ta ce sun dawo cikin Disamba ba ko ƙwayar hatsi, rumbunsu an ƙone, yara biyar, an kuma ce musu Mama Mai Inji ta mutu a kan dutse. Mijin ne ya ɗauko injin a amalanke da dare. Da suka ji ta dawo sai kunya da tsoro suka hana su motsi. Ta ce, “Mama, in kin kai mu ƙara, maigidan nan ba zai dawo ba.” Dattijuwar ta ce, “Na sani. Shi ya sa na zo da ƙafata.”

Maganar ba ta kai gaban dattawan ikilisiya ba, balle hukuma. Mijin ya mayar da injin da kansa, da rana tsaka, ya ɗaure shi a kan ƙusoshinsa. Da ya ke yunwar da ta sa su sata ba ta tafi ko'ina ba, sai aka shirya cewa matar za ta riƙa zuwa tana tayar da injin kwana biyu a mako, abin da aka samu a raba. Ɗan bai gamsu ba, ya koma Yola yana cewa an mai da uwarsa wawiya, har yau ma bai canja ra'ayi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka zuciyar dattijuwar ta yi fari nan take. Ita da bakinta ta ce ta daɗe in ta ga matar sai ƙirjinta ya yi nauyi. To, 'yan EYN suna da wata al'ada da suka ɗauko daga Bisharar Yahaya, watau Yohanna, sura ta 13, inda Yesu Almasihu ya wanke ƙafafun almajiransa. A wani lokacin jibin Ubangiji a kan kawo ruwa a daro, maza gefe guda mata gefe guda, kowa ya durƙusa ya wanke ƙafar na kusa da shi. Karo na farko bayan dawowarsu, Mama Mai Inji ta lura da inda matar ta zauna, ta sake benci. Sai a karo na gaba ta tashi da gangan ta zauna kusa da ita. Da daro ya iso ta durƙusa da ƙyar saboda ciwon gwiwa, ta kama ƙafar nan mai faso wadda ta bi amalanke da dare, ta wanke, ta goge da tawul. Babu wadda ta ce uffan. Ba su zama aminai ba, amma tun daga ranar suna gaisawa da fuska a sake.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke, ga dattijuwar nan kuwa karatu ma a ƙafa ya ke. Ran 21 ga watan Nuwamba 2017, sa'ad da ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a wani masallaci a Mubi lokacin sallar asuba, mutane wajen 50 suka rasu, ita ce ta fara rufe inji ta ɗauki kwanon gari ta nufi gidan Alhaji, domin akwai danginsa cikin mamatan.

Ƙasar nan ba ta rasa masu littafi ba. Kowane gida akwai Alƙur'ani mai girma ko Littafi Mai Tsarki, an naɗe an ajiye a wuri mai daraja, kuma lasifika ba ta hutawa dare da rana. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai bari littafin ya hana shi abin da ransa ke so a ranar da ya ke da gaskiya, ya ke kuma da ikon ramawa. A ranar nan ne a kan gane ko mutum yana bin littafinsa ne, ko kuwa riƙe shi kawai ya ke yi.

An ba Mama Mai Inji sabon littafi cikin kayan agaji, amma rubutunsa ƙanana ne, idonta kuma ya yi rauni, saboda haka jikarta ke karanta mata da safe. Tsohon, wanda gara ta ci, yana nan cikin leda a ƙasan akwati tare da rasit ɗin injin. In an gama karatu sai ta ɗaura ɗankwali ta fita, domin yara sun riga sun jera kwanuka a bakin ƙofa.