Sunana na ƙarshe yana ƙarƙashin ruwan Bakolori

1/
Zare ne mai ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Sunana na ƙarshe sunan wani ƙauye ne a ƙasar Maradun, kuma ƙauyen babu shi yanzu, ruwan madatsar Bakolori ya rufe shi tun kafin a haife ni. Wata huɗu na yi ina neman duk mai amsa wannan suna. Ga abin da na samo 🧵

2/
Tun farko, ba zan rubuta sunan a nan ba. Da a ce Mafara ne ko Bakura da na rubuta, masu su ba sa ƙirguwa. Nawa kuwa duk wanda ya gani ya san ƙofar gidanmu, kuma kun san halin da yankinmu yake ciki. Mu bar shi a “sunan” kawai.

3/
Zangon karatun da ya wuce aka liƙa jerin sunayen masu jarrabawa, kowa da ɗakin da zai zauna. Ina bi da yatsa sai na ga sunan har sau biyu, ɗaya a ƙasan ɗaya. Na ɗauka kuskuren bugawa ne. Da na duba da kyau, sunan farko daban, lamba daban, sashe daban.

4/
Ku fahimce ni. Tun daga firamare har jami'a ni kaɗai nake amsa shi. Kowane sabon malami sai ya tsaya a kansa, ya maimaita, ya ce “wannan kuma wane yare ne?” In ce Malam Hausa ce. Ya ce shi dai bai taɓa ji ba. Sai ga shi yau mun zama biyu.

5/
Na neme ta har na same ta a masallacin mata. 'Yar Kontagora ce, ba ta taɓa taka Zamfara ba. Na ce 'yar uwa, me sunan nan naki yake nufi? Ta ce “sunan kakana ne mana.” Wato ita a zatonta sunan mutum ne. Ba ta ma san an taɓa yin gari mai wannan suna ba.

6/
Na kira Baba a daren. Ya yi shiru, can ya ce in bari sai na zo hutu in tambayi Kaka. Da na je Mafara na zayyana wa Kaka komai. Ya ce, “Amarya, wagga yarinya jikar ƙanena ta. Shi yat tahi Kwantagora shekarad da ruwa yac ci gari, bai komo ba.”

7/
Sai da ya share ido. Fiye da shekara 40 ba labari, ba wasiƙa, har an daina ambatonsa a gida. Ashe ya rasu tuntuni ya bar 'ya'ya da jikoki. Abin da ya haɗa mu da su a ƙarshe kalma ɗaya ce a takardar da aka liƙa a bango.

8/
Ga waɗanda ba 'yan yankin ba: madatsar Bakolori tana kan gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara. An kammala ta a 1978 don noman rani. Da ruwa ya taru a bayanta ya cinye gonaki da ƙauyuka, aka tashi dubban mutane. Lokacin duk muna jihar Sakkwato, sai 1996 aka yi Zamfara.

9/
Rigimar diyya da rabon gonaki ta yi zafi har manoma suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilun 1980 aka yi arangama da jami'an tsaro, aka rasa rayuka da dama. Kaka ba ya son wannan hirar. In ka matsa sai ya ce “Allah ya jiƙan waɗanda sunka riga mu” ya sako wani zance.

10/
Mutanen ƙauyenmu suka watse. Wasu suka zauna inda aka tsugunar da su a ƙasar Maradun, wasu suka gangara Bakura wajen dangi, Kaka ya shigo Mafara da iyalinsa, ƙanensa ya yi fushi ya bi motar kudu. To a nan ne labarin sunan ya fara.

11/
Aka sa Baba firamare a Mafara. A ajinsu Abubakar Muhammad har huɗu. Hedimasta ya ce wannan ba za ta yiwu ba, kowa ya faɗi garinsu. Baba, yaro ƙarami, ya faɗi sunan ƙauyen da ruwa ya riga ya shanye. Aka rubuta a rajista. Shi ke nan, ya bi shi har takardar fansho.

12/
Abin da ya fi ba ni mamaki: lokacin da ƙauyen yake raye, babu ko mutum ɗaya da yake amsa sunansa. Me za a yi da shi? Kowa ɗan garin ne. Ana cewa wane ɗan wane, ko wane maƙeri, ko wane na bakin kuka. Sai ka bar gari ake kiranka da sunan gari.

13/
Kuma ba mu muka fara ba. Sardauna da Ahmadu Raɓa aka san shi a farko. Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shehu Shagari, Malam Aminu Kano, Isa Kaita, duk sunan gari ne a ƙarshen sunansu. Makarantar boko ta tara yara daga ko'ina, sunayen Annabawa da Sahabbai suka yi ta karo, gari ya raba gardama.

14/
Ku duba maƙwabtanmu. Gwamnonin Sakkwato uku a jere daga 1999 zuwa 2023: Bafarawa, Wamakko, Tambuwal. Garuruwa ne duka. Wanda yake gwamna lokacin rikicin Bakolori ma Shehu Kangiwa ne, shugaban ƙasa kuma Shagari. Taswira ce guda a cikin sunaye.

15/
A Zamfara kuma sarauta ta shigo ciki. Ahmad Sani Yariman Bakura ne, Bello Muhammad Matawallen Maradun ne, Mahmud Aliyu kuma Shinkafi. Sannan Sheikh Abubakar Mahmud Gumi daga Gummi yake, 'ya'yansa suka gaji sunan duk da cewa a wasu garuruwan suka tashi.

16/
Bambancin shi ne Gummi tana nan, Shinkafi tana nan. Jikan da ya so zai hau mota ya je ya ga garin da yake amsawa. Ni in na ce zan je, sai dai in tsaya a gaɓa Kaka ya nuna min ruwa da sanda ya ce nan masallaci yake, can rijiya, can gidanmu.

17/
Ina cikin wannan bincike na ci karo da yadda mutanen Ingila suke yi da nasu. Su sunan dangi gadonsa ake yi. Abin ya fara bayan 1066, zuwa wajen 1400 yawancinsu suna da suna guda da yake bin uba zuwa ɗa zuwa jika ba ya canzawa.

18/
Da yawa daga ciki sunan wuri ne kamar namu. Washington sunan wani gari ne a arewa maso gabashin Ingila. Zuriyar da ta ɗauke shi ta ƙaura, wani reshe ya ƙetara teku, yau babban birnin Amurka ne yake amsa sunan. Suna da ƙauyukan da suka mutu sama da 3,000, wasu a bakin zuriya kawai suka rage.

19/
Saboda suna ba ya canzawa, mutum zai ɗauki ƙidayar 1881 ya ga mutum nawa ne masu sunansa, a wace gunduma suke, ya gwada da ta wata shekarar ya ga inda suka nufa. Har ƙungiya gare su tun 1979, kowane mamba ya riƙe suna ɗaya yana bin sawunsa a duniya.

20/
Mu fa? Musa ɗan Ibrahim shi ne Musa Ibrahim. Ɗansa Aliyu Musa. Jikansa Sani Aliyu. A jika kawai Ibrahim ya ɓace daga takarda. Ba aibu ba ne, danganta mutum ga ubansa muke yi, kuma haka addini ya koyar. Amma bin sawun zuriya ta takarda sai ya zama aiki ja.

21/
A gidanmu ma haka. Yayana sunan Baba na farko ya sa, ni Baba ya rubuta min sunan ƙauyen tun firamare, haka ya shiga WAEC da JAMB da NIN. Akwai ofishin da muka je ma'aikacin ya kalli katinanmu ya ce mu kawo shaidar cewa uwa ɗaya uba ɗaya muke 😭

22/
Tunda ba ni da rajistar da zan buɗe, na yi tawa ƙidayar. Na sayi littafi mai bango baƙi. Na bi Facebook, na bi zaurukan WhatsApp na dangi, na zauna da Kaka da Goggo da wani tsoho a Bakura da suka yi ƙuruciya tare. Sharaɗina: wanda ake kira da sunan, kuma yana raye.

23/
Na samu mutum 37.
Talata Mafara 11
Maradun 6
Gusau 5
Kontagora 5
Bakura 4
Sakkwato 3
Agege a Legas 2
Maraɗi 1
Na Maraɗin ɗan kasuwa ne, a kasuwa kawai ake kiransa da shi, takardunsa babu. Na ce ni dai na ƙirga da kai Baba, ya yi ta dariya.

24/
Da na bi su ɗaya bayan ɗaya, duk 37 ɗin daga mutum uku suka fito. Baba, ta hanyar hedimasta. Ɗan ƙanen Kaka, da aka yi wa irin wannan a makarantar Kontagora. Sai wani direba da 'yan tasha suka laƙaba wa sunan don su bambanta shi da sauran masu suna Garba.

25/
A Mafara ƙannen Baba da 'yan uwansa suka bi sahunsa da aka sa su makaranta. Na Gusau da Sakkwato aikin gwamnati da karatu ne suka kai su, musamman bayan 1996. Na Agege da na Maraɗi zuriyar direban ne, hanya ta ja su. Kowane reshe da dalilin tafiyarsa.

26/
In an jera shi a kan lokaci: kafin 1978 babu kowa. Farkon shekarun 1980 mutum uku. Daga nan ya yi ta hawa da haihuwa har ya kai inda yake. Amma da na ware su da shekaru sai jikina ya yi sanyi. 'Yan ƙasa da shekara goma su huɗu ne kacal.

27/
Dalili a bayyane yake. Cikin 37 ɗin, mu 21 mata ne. Mu Hausawa mace ba ta yar da sunan gidansu don ta yi aure, amma 'ya'yanta na ubansu za su ɗauka. Mazan kuma yawanci sun koma tsohon tsari, suna rubuta wa yaransu sunansu na yanka.

28/
Wato in ba wani abu ya canza ba, sunan da ya fito bayan 1978 zai iya ƙarewa a kanmu. Ruwa ya ci garin sau ɗaya, mantuwa za ta sake cin sa. Na faɗa wa Yaya haka, ya ce ke dai kin cika neman magana, suna ai ba ya ba da abinci.

29/
Yana da gaskiyarsa. Amma na ce masa da Baba bai faɗi sunan nan a gaban hedimasta ba, da yau 'yar uwarmu tana wuce ni a hanyar aji muna kallon juna kamar baƙi. Da Kaka ya koma ga Allah bai san inda ƙanensa ya ƙare ba. Ya yi shiru.

30/
Abin da ya sa ma na rubuta zaren nan shi ne abin yana sake faruwa a kan idonmu. Ƙauyuka nawa ne a Maradun da Bakura da Mafara suka zama kufai saboda 'yan bindiga? Mutanensu suna nan cikin gari, a kangwaye da gidajen dangi, wasu sun wuce Gusau, wasu sun bar jihar.

31/
Ƙanwata tana koyarwa a wata Islamiyya a unguwarmu. Ta ce in an kawo sabon yaro aka tambaye shi sunansa, sau da yawa sauran yaran ne suke riga shi amsawa da sunan ƙauyen da suka gudo daga ciki. Wasu yaran kunya suke ji. Wasu iyayen ma cewa suke kada a rubuta.

32/
Na fahimce su, tsoro ne da gudun tsangwama. Addu'ata Allah ya kawo zaman lafiya kowa ya koma gonarsa. Mu namu ba zai komu ba, nasu in sha Allah zai komu. Amma kafin nan, ko ba a sa a fom ba, a faɗa wa yaran sunan garinsu da na unguwarsu da na kakanninsu.

33/
Shawarata ga sa'o'ina: in kana da tsoho a gida, wannan hutun ka zauna da shi ka kunna rikoda a wayarka. Sunan babansa, na kakansa, daga ina suka taso, me ya tashe su, wa ya tafi bai dawo ba. Ka rubuta a takarda kuma, waya tana ɓacewa.

34/
Ita kuma 'yar Kontagora, da ƙaramar Sallah ta zo Mafara da babanta. Kaka ya riƙe hannun mutumin ya daɗe yana kallon fuskarsa, ya ce goshin ƙanensa ne sak. Yanzu amaren Kaka sun zama biyu, har kishi muke a kan wa za ta kai masa fura 😂

35/
Sun so a kai su bakin ruwan su gani, Baba ya ce a bari hanya ta ƙara lafawa. Littafina yana nan da sauran shafuka. In kana da irin wannan suna na ƙauyen da ruwan Bakolori ya tasa, ka turo min saƙo ta ciki, kada ka rubuta a fili.

36/
Sauran kuma ina son ji: sunanka na ƙarshe na uba ne, na kaka, na gari, na sarauta ko na sana'a? Wa ya fara rubuta shi a gidanku, kuma a ina? Ku amsa a ƙasa, zan bi in karanta duka bayan lakca. Allah ya zaunar mana da Zamfara lafiya.