Ta Wace Fuska Buromin Ke Shiga?

Wata ɗaliba mai shirin jarrabawar shiga makarantar likitanci ta haddace cewa idan aka zuba buromin a kan alkin, launinsa ja mai duhu yakan ɓace. Ta kuma san cewa ɗaurin nan biyu da ke tsakanin kabon da kabon yakan koma ɗaya, kowane kabon ya karɓi buromin guda. Amma da aka ce ta zana abin da sikulofentin ke bayarwa, sai ta ɗora buromin biyun a fuska ɗaya ta zoben. Nan ta rasa makin, domin tambayar ta shafi inda kowane atom ya zauna ne.

Alkin shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, yana da fuskar sama da ta ƙasa. Idan buromin ya kusanto, ilektiron na ɗaurin biyu sukan kama atom ɗaya, ɗayan ya fice a matsayin buromaid. Wanda aka kama yakan riƙe kabon biyun a lokaci guda, ya zama zobe mai kusurwa uku da ake kira ayon buromoniyom. Roberts da Kimball ne suka kawo wannan bayani a 1937. Zoben ya tare fuskar da ya hau, don haka buromaid ba shi da hanya sai ta bayansa. Shi ya sa sikulofentin ke bayar da samfurin tirans, buromin ɗaya sama, ɗaya ƙasa.

Daga nan sauran amsoshin ke fitowa. Tirans-2-butin yakan bayar da samfurin meso, wanda rabinsa hoton madubi ne na ɗaya rabin, saboda haka ba ya juya haske. Sis-2-butin kuwa yakan bayar da tagwaye, 2R,3R da 2S,3S, rabi da rabi, domin buromin na iya hawa kowace fuska daidai wa daida. Wannan gaurayen ma ba ya juya haske, amma dalilin daban ne: kowanne yana soke aikin ɗan'uwansa. Idan kuma a cikin ruwa aka yi haɗin, ruwan ne ke buɗe zoben, ta baya dai, a kan kabon da ya fi yawan rassa.

Mai neman zama likita yana iya ganin wannan wahalar banza ce. Sai dai furotin na jikin mutum yana bambance tagwayen nan kamar yadda takalmi ke bambance ƙafar dama da ta hagu. A maganin aibufurofen, alal misali, siffar S ce ke rage ciwo kai tsaye.

Ɗalibar ta bar haddar sunaye. Yanzu takan fara zana zoben mai kusurwa uku, ta tambayi kanta wace fuska ce a buɗe, sannan ta rubuta amsa.