Shanun da Ke Jikin Dutse a Birnin Kudu

Birnin Kudu gari ne a Jihar Jigawa, kimanin kilomita 130 daga Kano a kan hanyar Maiduguri. Manyan duwatsu ne suka kewaye shi, wasu sun hau kan wasu har sun yi rumfa. A ƙarƙashin irin waɗannan rumfuna ne mutanen da suka shuɗe suka bar mana zanensu. Mu da muka taso daga Jega, sai da muka bi ta Sakkwato da Gusau da Funtuwa, muka kwana a Kano, washegari muka wuce ta Wudil.

Wuraren da aka fi sani su ne Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, kuma duk suna hannun hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa. Da muka shiga inuwar dutsen ba mu ga komai ba da farko. Sai da idonmu ya saba, sannan shanu suka fara bayyana ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu da jan launi.

Ga abin lura, 'yan makaranta: yawancin shanun nan ba su da tozo. Ku tuna shanun da ake kawowa kasuwar Jega, Rahaji ne ko Bunaji, kowace da tozonta. To, na jikin dutsen gadon bayansu a miƙe yake, wasu da dogayen ƙahoni. Wannan ya nuna mana cewa kafin shanu masu tozo su cika ƙasar Hausa, wani iri dabam ake kiwo. Ashe zane ma littafin tarihi ne.

Kusa da zanen akwai duwatsu masu amo, waɗanda idan aka buge su da ɗan dutse sai su yi ƙara kamar kuge. Masanin tarihin nan ɗan Ingila, Bernard Fagg, ya yi rubutu a kansu a 1956.

A nan fenti aka shafa. A Dabous kuwa, arewa da Agadas a Nijar, sassaƙa dutsen aka yi. Can ne ake da raƙuman dawa biyu, babban ya haura mita 5, kuma masana sun ce sun shekara aƙalla 6,000.

Wajen ɗaukar hoto mun koyi darussa uku. Na farko, kada a yayyafa wa zanen ruwa don ya fito sosai, domin ruwa na cin launin. Na biyu, a riƙe rula kusa da shi ba tare da ta taɓa dutsen ba, don mai kallon hoton ya gane girmansa. Na uku, a rubuta sunan wurin da ranar nan take, domin hoton da ba a san inda aka ɗauke shi ba, amfaninsa kaɗan ne.

Babbar barazana ga irin wannan gado ita ce hannun mutane: mai rubuta sunansa da gawayi, da mai kunna wuta a gindin dutse, da masu fasa dutse don gini. Abin da ya jure rana da ruwan sama tun zamanin kakannin kakanni, yaro ɗaya na iya ɓata shi cikin minti biyar.

Don haka idan akwai dutse a garinku, ku nemi dattawa su ba ku labarinsa. In kun ga wani zane, ku ɗauki hoto, ku nuna wa malamin tarihi, ku bar shi yadda kuka same shi.