Akori-kurar gidanmu da hanyar Shinkafi

Duk wanda ya tashi a Shinkafi ya san cewa lissafin mako a garin nan daga Alhamis yake farawa, ranar da kasuwa ke ci. Tun yammacin Laraba fatake ke sauka, wasu daga Isa da Sabon Birni, wasu daga Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, wasu kuma daga kudancin ƙasar nan, masu neman dabbobi da hatsi. Manyan motoci su ke kwashe kayan zuwa nesa, amma wadda ke shiga ƙauyuka irin su Badarawa da Kware da Jangeru ta kwaso gero da dawa da wake ta kawo bakin kasuwa, ita ce akori-kura. Ɗaya daga cikin irin waɗannan motoci tana gidanmu, kuma a kanta na ƙarar da hutun da na zo yi gida kwanan baya.

Peugeot 504 ce, Fijo a bakin mutanenmu, cikin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kakuri ta Kaduna, a masana'antar da ta fara fitar da motoci a 1975. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya saye ta ne a hannun wani, ta riga ta sha hanya. Da kuɗin da ta samo aka biya mini karatu. Yau tana hannun yayana, kuma tukunyar gida uku a kanta take dogaro.

Na iso ranar Litinin da rana tsaka, don a yanzu ba mai hankalin da zai bar Gusau ya nufi arewa bayan la'asar. Ka wuce Ƙauran Namoda, inda layin dogo ya tsaya tun 1929, sai hira ta ɗauke a cikin mota. Direba ya taka, fasinja su kama tasbihi, kowa idonsa na kan daji. Hanyar da muka sani da masu tallar fura da nono ta koma hanyar da ba a tsayawa ko don fitsari.

Na tarar da motar a ƙofar gida an ɗaga mata bonet, Yaya na zaune kan benci ya yi tagumi. Ciwon nata mai ban haushi ne. Da safe tana tashi bugu ɗaya. Sai an yi tafiya mai ɗan nisa ta fara shaƙewa, ta yi ta fizga, ta mutu. A bar ta kamar minti ashirin, a murza makulli, ta tashi kamar ba ita ba. A makon da ya wuce ta yi masa haka a tsakiyar daji da yamma, da buhuna goma da fasinja shida, biyu mata ne masu goyo. Ya ce mini bai taɓa sanin tsawon minti ashirin ba sai ran nan. A wani gari mutuwar mota ɓata lokaci ne. A nan tana iya ƙarewa da neman kuɗin fansa.

Wani gareji da ya kai ta sun ce sai an sauke inji, suka yanka masa kuɗin da sai ya sayar da san noma ɗaya. Har ya yi magana da dillali. Ni kuwa, da dukan karatuna, abin da na iya shi ne ciro waya ina binciken intanet. Muna cikin haka maƙwabcinmu ya leƙo, wani dattijo da ya yi shekaru yana kanikanci a Kaduna kafin ido ya fara ba shi matsala.

"Dakta, aje wayag ga," in ji shi. "Wa ka hwaɗa ma likita ya yanka mutum tun bai auna jininai ba?"

Na ce, "Baba, to daga ina za mu fara?"

Ya ce injin fetur abu uku yake ci: wuta da mai da iska. In ya mutu, ɗaya ne ya yanke, kuma ana fara bincike daga abin da ba ya cin kuɗi. Ya sa aka tayar da ita, ya saurara, ya je ya duba hayaƙin salansa. Babu shuɗin hayaƙi, bakin mai bai ragu ba, ruwan lagireto bai haɗu da mai ba. Ya ce injin da zobensa ya cinye ba ya hutawa minti ashirin ya warke. Nan take maganar sauke inji ta faɗi.

Muka koma kan wuta. Aka kwance fulogi huɗu, aka same su a bushe, ba baƙin zoza. Aka kara waya kusa da jikin inji, tartsatsi ya fito shuɗi mai ƙarfi. Ya buɗe distributa, ya goge bakin kwantak, ya daidaita tazararsa da kwalin ashana, yana lalube da yatsa fiye da kallo. Iska ma ba ta da laifi, sai ƙura da muka kakkaɓe. Saura mai.

A nan ne ya yi dabarar da ta burge ni. Ya cire tiyon da ya taso daga tanki zuwa famfon mai, ya sa wani tiyon cikin galan mai tsabtataccen fetur, aka ɗaure galan ɗin da kyau. Yaya ya yi ta zagaya gari fiye da sa'a guda, mota ba ta ko yi tari ba. Ashe famfo da kafireta lafiyarsu lau, cutar tana cikin tanki.

Ranar Talata muka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta muka sauke tankin, bayan Baba ya sa an kashe murhun da ke zaure, an kori yara. Abin da ya zubo ya ba ni tsoro: jan ruwa, da ɓarɓashin tsatsa kamar dusa. Bayanin mai sauƙi ne. In mota na tafiya, famfo na zuƙo mai, ɓarɓashin ya taru a bakin bututu ya toshe shi. In ta mutu, zuƙa ta tsaya, ya saki ya koma ƙasa, sai hanya ta buɗe.

Tsatsar nan tana da tarihi. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita sayar da mai, motar ta daɗe a ajiye da tanki kusan wayam, raɓa ta yi ta taruwa a ciki. Bayan cire tallafin mai a 2023 kuma, Yaya bai sake cika tanki ba, sai lita kaɗan-kaɗan, sau da yawa daga hannun 'yan bumburutu. Wato abin da ya sami garin shi ne ya kwanta a gindin tankin.

Muka zuba tsakuwa da ɗan fetur, mu biyu muka yi ta jijjiga shi har kafaɗuna suka sage, muka ɗauraye sau huɗu, muka shanya a rana. Aka busa bututu, aka sa sabuwar matatar mai. Matar Yaya ta ba da tsohon kallabi, wanda yanzu da shi ake tace duk man da zai shiga. Abin da aka kashe bai kai kuɗin buhun gero ɗaya ba. Sa yana nan a turkensa.

Da tsohuwar zuma ake magani, amma zumar tana ƙarewa. Masu irin ilimin Baba suna tsufa, samari sun fi son acaɓa da ke kawo kuɗi yau-yau, kayan gyaran Fijo kuma sai an aika Ƙofar Ruwa ta Kano. Sababbin motoci ba sa faɗar ciwonsu sai an jona musu kwamfuta, kuma kai mota inda kwamfutar take yana nufin bin hanyar da ake gudu. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda. Me zai hana ita da ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi da Ƙaura su shirya gajeren horo da Hausa ga direbobi da yaran gareji, a ɗauki irin waɗannan dattawa su koyar, a biya su? Tsaron hanya nauyin gwamnati ne, kuma ba za mu daina neman sa ba. Kafin ya samu, motar da ba ta mutuwa a daji ita ma tana cikin tsaro.

Ranar Alhamis bayan asuba Yaya ya fita. Na zauna a benci ina ƙirga sa'o'i, har wajen hantsi na jiyo ƙararta tun daga kwana, ta danne da buhuna. Allah ya tsare matafiya, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Zamfara.